Saba: saukar da muka yi a titin jirgi mai mita 400

Duk mai yawan kallon bidiyon jiragen sama a YouTube na san ya taɓa cin karo da Saba, za ka ga an rubuta da manyan baƙi wai filin jirgi mafi haɗari a duniya, a sa masa kiɗa mai tayar da hankali, jama'a kuma suna ta cewa ko kyauta aka ba su tikiti ba za su hau ba. To ni dai na je, na sauka a wurin na kuma tashi daga wurin, kuma gaskiya an zalunci filin nan da wannan suna. Gajere ne kam babu gardama, mita 400 ne tsawon titin gaba ɗaya, shi ne mafi gajarta a duniya cikin waɗanda jiragen fasinja ke zuwa a kai a kai. Amma ganganci dai ban ga ko ɗigo ba.

Saba ɗan tsibiri ne a tekun Karebiyan, girmansa murabba'in kilomita 13, mutanensa wajen 2,000, yanki ne na ƙasar Holan duk da dai Turanci suke yi a tsakaninsu kuma dalar Amurka suke kashewa. Asalinsa tsohon dutse ne mai aman wuta da ya ɓullo daga teku ya miƙe sama tsaye, ƙololuwarsa Mount Scenery ta haura mita 850, kuma ita ce wuri mafi tsayi a duk masarautar Holan. Don haka shimfiɗaɗɗen fili babu shi, in ban da wani ɗan harshen ƙasa guda ɗaya a arewa maso gabas da suke kira Flat Point, nan ne aka yi filin jirgin don babu wani wurin kuma.

Ta tsibirin Sint Maarten ake bi, nan ne babban filin jirgi yake, wanda manyan jirage daga Turai da Amurka ke sauka suna wucewa ta kan masu wanka a bakin tekun Maho. Ba zan tsaya a kansa ba don kowa ya ga hotunan, titinsu ma ya kai mita 2,300. Tun a wurin awon kaya za ka fara gane cewa wannan tafiyar daban ce, ba su wasa da sikeli ko kaɗan, jaka ta wuce ƙa'ida za a gaya maka ta iya biyo jirgin baya. Nauyi a ƙaramin jirgi ba maganar son kuɗin kamfani ba ce, kowane kilo da aka ƙara sai ya ƙara nisan da jirgin zai ci kafin ya tsaya ko kafin ya tashi.

Jirgin Twin Otter ne, ƙirar kamfanin de Havilland na Kanada, tun 1965 ya fara tashi kuma har yau ba a samu wanda ya ture shi a irin wannan aiki ba. Kujera 19, inji biyu masu farfela, fukafukansa a saman jiki suke, tayoyinsa kuma a waje suke kullum ba a naɗe su. Ciki kamar ƙaramar bas, sai ka sunkuya za ka wuce, ba ma'aikaciyar jirgi, mataimakin matuƙi ne ya juyo daga kujerarsa ya yi mana bayanin bel da rigar ruwa. Ni na samu kujera ta gaba a hannun dama, ba ƙofa tsakaninmu da matuƙa, komai suke yi ina gani. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne sandunan ba inji wuta a rufi suke, a saman kansu, sai kaftin ya ɗaga hannu sama ya kama, lokacin tashi kuma na biyun ya sa nasa hannun a bayan na kaftin ya tallafe don kada su zame.

Tafiyar ba ta kai minti 15 ba. Kafin ka gama gyara zama tsibirin ya bayyana a gilashin gaba, kore shar, kansa lulluɓe da gajimare, kuma wallahi duk iya dubana ban ga inda jirgi zai sauka ba. Muka nufi dutsen kai tsaye, yana ta girma yana cika gilashi, har na fara rarrabe bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya da farin kumfar ruwa da ke dukan gindin dutsen. Wata dattijuwa da ke kusa da ni, ’yar tsibirin ce, ta lura na ƙanƙame kujera sai ta dafa hannuna ta ce, "Ɗana kwantar da hankalinka, yanzu zai karkata hagu ka ga titin." Na ce, "Mama, ina titin yake?" Ta nuna min da haɓa.

Sai kuwa ya karkata. Bangon dutse a damarmu, kusa sosai har kana jin kamar bakin fiffike zai shafe shi duk da na san akwai tazara, ga kuma titin can gaba, ɗan baƙin layi a kan wani tudu, farkonsa gangare ne zuwa teku ƙarshensa ma haka. A kowane baki an zana babban X da farin fenti, wanda a ƙa'idar jiragen sama yake nufin an rufe titi, kuma haka ɗin ne, a rufe yake ga kowa sai wanda hukuma ta ba izini na musamman. Matuƙan nan biyu ba hira ba waige, ɗaya yana kiran lambobin gudu da tsayi ɗayan yana amsawa a taƙaice, hannun kaftin yana sama a kan sandunan yana ɗan turawa yana ɗan janyewa kaɗan kaɗan. Jirgin ya rage gudu har kana ganin kamar a tsaye yake a iska.

Taya na taɓa ƙasa, a farkon titin daidai ba ɓata ko taku, sai wata irin ƙara ta cika jirgin, jikina ya tafi gaba bel ya riƙe ni, kafin in gama sauke numfashi mun dawo tafiyar ƙafa. Na leƙa gilashi na ga saura titi da yawa a gabanmu bai ma taɓa ba. Wasu baƙi a baya suka yi tafi, ’yan gari kuwa jakunkunansu kawai suke tattarawa.

Yadda aka yi hakan ya yiwu sai daga baya na fahimta sosai, a ƙauyen Windwardside inda na sauka, na haɗu da wani dattijo da ya daɗe yana tuƙa irin waɗannan ƙananan jirage a tsakanin tsibiran kafin ya ajiye aiki. Da yamma muka zauna a baranda na ce, "Kaftin, don Allah mene ne sirrin?" Ya yi dariya ya ce ba sirri, lissafi ne kowa zai iya yi. Ya ce ka ga babban jirgin da ya kawo ka daga Turai, yana sauka da gudun wajen kilomita 250 a awa, shi kuwa Twin Otter in an sauke masa faifan nan na bayan fukafukai har ƙasa yana iya zuwa da wajen 130 bai faɗi ba, an ƙera shi ne musamman don gajeren fili. Sannan ga iska. A yankin nan kusan kullum daga gabas take busowa, titin kuma yana fuskantar kudu maso gabas, to in kana shiga cikin iska mai gudun kilomita 30 a awa, gudunka a kan ƙasa ya koma 100 ke nan. Kuma nisan tsayawa ba ya raguwa daidai da gudu, ya fi haka, ragin nan daga 130 zuwa 100 yana cire maka kusan kashi 40 cikin 100 na nisan da za ka ci. Ƙarar da na ji kuwa farfela ce, ana juya fukafukanta sai ta koma tura iska gaba maimakon baya, ga burkin taya a kai.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar daƙiƙa. Ya ce a gudun 130 jirgi yana cin mita 36 a kowace daƙiƙa ɗaya. In ka zo da ɗan gudu fiye da kima jirgin ya ƙi zama ya yi ta shawagi a saman kwalta na daƙiƙa uku kacal, mita 100 sun tafi, kwata na titin ke nan tun taya ba ta taɓa ƙasa ba. Shi ya sa a irin wannan wuri ba a neman sauka mai laushi irin wadda fasinja ke yabo, ana dasa jirgi ne a inda aka yi niyya ko da za a ji ɗan dum. In kuwa ka wuce wurin ba ka taɓa ba, ba tunani ba ja-in-ja da zuciya, ka ba inji wuta ka tashi ka zagayo. Ya ce matuƙin da yake jin kunyar zagayowa bai dace da tsibiran nan ba, kuma ba kowa ake sakar wa jirgi ya shigo Saba ba sai ya yi ta zuwa tare da wanda ya ƙware an tabbatar da hannunsa.

Ni wannan ne ya sa nake jin haushin masu bidiyon can. Suna nuna abin kamar wasan kasada, kamar matuƙin yana gwada sa'a ne da rayukan mutane, alhali mutumin nan tun kafin ya kunna inji ya san nauyinsa, ya san iska, ya san ko titin a jiƙe yake, ya kuma riga ya yanke a ina zai haƙura.

Tarihin wurin ma abin a jinjina ne. Kafin a yi tashar jirgin ruwa ta Fort Bay yadda take yanzu, kaya da mutane ta wata matakala da aka sassaƙa a jikin dutse ake hawa da su, taki wajen 800 daga bakin ruwa, komai a ka ko a bayan jaki. Hanyar mota ma injiniyoyi cewa suka yi ba za ta yiwu ba, sai wani ɗan tsibirin, Josephus Lambert Hassell, ya koyi aikin ta hanyar darasin wasiƙa, suka fara da hannu a 1938, kuma ita ce hanyar da ake bi har yau daga The Bottom, babban garinsu, zuwa sauran ƙauyuka. Jirgin sama ma haka aka yi. Wani matuƙi mai suna Rémy de Haenen da ke zaune a tsibirin St. Barts ya duba Flat Point ya ce in za a share masa duwatsu zai sauka, mutanen gari suka fito suka kwashe duwatsu suka cike ramuka, a watan Fabrairun 1959 ya sauko da ɗan jirginsa kusan duk tsibirin na tsaye suna kallo. A 1963 aka buɗe filin sosai, aka sa masa sunan Juancho Yrausquin, wani minista ɗan Aruba.

In kana son ka ga abin da kyau ka tsaya a gefen hanya a ƙauyen Hell's Gate, can sama, inda hanyar ke fara lanƙwasa tana gangarawa filin jirgi. Daga nan titin gaba ɗayansa yana ƙarƙashinka, teku ta kewaye shi ta gefe uku. Na tsaya nan na kalli wani yana shigowa, daga sama ka fi ganin yadda iska ke wasa da shi, fiffike ɗaya ya ɗan yi ƙasa a gyara, hanci ya ɗan kauce a dawo da shi, ba tsayawa, har ya dafa ƙasa a kan alamar farko. Ya sauke mutane da kwalaye, ya ɗebi wasu, cikin ɗan lokaci ya juya.

Ranar da zan koma iska ta juya. Muna zaune a ɗan ɗakin jira, wanda duk girmansa bai fi falo ba, buhun nan mai nuna iska da ke kan sanda ya miƙe tsaye yana nuna gefe, wato iskar tana ratsa titin ne ba ta bin tsawonsa. Can aka zo aka ce jirgi ba zai taso ba sai ta lafa. Ba wanda ya ɗaga murya. Akwai wani bawan Allah da zai kai mahaifinsa ganin likita a Sint Maarten, don asibitin tsibirin ƙarami ne, duk abin da ya fi ƙarfinsu sai an ƙetara, na ce masa lallai an ɓata muku rana, ya ce gara a ɓata rana, su da suke zaune a nan sun fi kowa son matuƙi mai cewa yau ba zan zo ba. Akwai jirgin ruwa, wajen awa ɗaya da rabi ne, amma ranar da iska ta hana jirgin sama ita ma tekun ba daɗi take ba, balle ga tsoho marar lafiya. A nan na ƙara gane cewa ɗan titin nan da muke zuwa ɗaukar hoto, su shi ne hanyar asibitinsu da makarantar ’ya'yansu da wasiƙunsu.

Da iska ta daidaita jirgi ya zo. Tashin kuma wani abu ne daban, ni a wurina ma ya fi saukar sa bugun zuciya. Ya gangara har ƙarshen titi, ƙarshe na gaske, ya juya a hankali ta yadda wutsiyarsa ke leƙa gangaren teku don kada a yi asarar ko mita ɗaya. Suka taka burki suka ba inji wuta, jirgin gaba ɗaya yana rawa yana neman ƙwacewa, sannan suka saki. Kana ganin ƙarshen kwalta yana tahowa da gudu, bayansa ba komai sai shuɗin ruwa, kafin mu kai gare shi hanci ya ɗaga, ƙasa ta zame daga ƙarƙashinmu.

Daga Sint Maarten na ƙara da St. Barts, don in ka ga ɗaya sai ka so ganin ɗayan, kuma tafiyar ita ma ’yan mintuna ce. Shi wannan na Faransa ne, yuro suke kashewa, babban garinsu Gustavia tun zamanin da Suwidin ta riƙe tsibirin daga 1784 zuwa 1878. Titinsu ya fi na Saba tsawo, wajen mita 650, amma matsalarsa daban ce. Akwai tudu daidai bakin titin, da hanyar mota da shataletale a kansa, dole jirgi ya wuto ta saman tudun ƙasa ƙasa sannan ya dulmiya hanci ya bi gangaren, titin kansa kuma gangarawa yake yi zuwa bakin tekun St. Jean inda mutane ke kwance a yashi. Wato kana saukowa da tsayi, gudu yana son ƙaruwa, ƙasa kuma tana guje maka. Lokacin da muka wuce kan tudun na ga fuskokin masu ɗaukar hoto a bakin hanya ƙarara, har wani ya dafe hularsa, sai cikina ya yi sama kamar an saki igiya, sai ga kwalta. Shi kuwa wannan filin yanzu sunan de Haenen yake ɗauke da shi, don shi ya fara sauka a wurin a shekarun 1940 lokacin wurin yana makiyaya, daga baya har ya zama magajin garin tsibirin. Nan ma sai matuƙi ya samu shaidar ƙwarewa ta musamman, kuma ba a sauka da dare.

Ba zan ɓoye ba, a nan an taɓa yin babban rashi. A watan Maris na 2001 wani Twin Otter ya faɗa kan gida kusa da tudun nan yana shirin sauka, mutum 19 da ke ciki da mutum ɗaya a gidan suka rasu. Binciken hukumar Faransa ya nuna an ja farfela zuwa yanayin nan na tura iska gaba tun jirgi yana sama, don a rage gudu, abin da aka hana yi sai taya ta taɓa ƙasa, injinan biyu suka saɓa wa juna jirgin ya kife ta gefe, kuma a wannan tsayin ba sararin gyara. Abin da ke tsayar da jirgi cikin ’yan mitoci a ƙasa, shi ne ya kashe su da aka taɓa shi kafin lokacinsa. Na tsaya a kan tudun ina tuna wannan, na yi musu addu'a.

Akwai irin waɗannan wurare a wasu sassan duniya da nake fatan Allah ya nuna min. A Sikotland akwai tsibirin Barra, inda Twin Otter ɗin nan dai yake sauka a kan yashin bakin teku, jadawalin jirgi ma sai an duba janyewar ruwa. Akwai kuma tsakanin tsibiran Westray da Papa Westray a Sikotland ɗin dai, tafiyar da ba ta kai minti biyu ba a sama, da ɗan jirgin Islander.

Wanda duk zai je Saba, shawarata kada ya haɗa komawarsa da babban jirgin gida a rana ɗaya, ya bar kwana a tsakani saboda iska ko ruwan sama na iya tsayar da komai. Ya rage kaya, ƙaramar jaka ta isa. In ya samu dama ya shiga da wuri ya kama kujerar gaba ta hannun dama, nan ne zai ga dutsen da kuma hannun kaftin a lokaci guda, kuma don Allah in an fara gangarowa a bar matuƙa da aikinsu, ban da kiran su ko miƙa waya cikin wurinsu don ɗaukar bidiyo.